Gungume a cikin ƙorama: shara ce ko gidan kifi?

Ɗan_Doguwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masunta da waɗanda suka karanci harkar ruwa. A bayan garinmu akwai wata ƙorama da ke gangarowa daga duwatsun wajen Riruwai. Tun muna yara akwai wata tsohuwar ƙirya da ta faɗi ta gitta a cikinta, da saiwarta da komai. A ƙarƙashin ƙiryar nan ruwa ya haƙa gurbi mai zurfi, babban mutum in ya shiga sai ya kai masa wuya. Ƙoramar takan ƙafe bayan kaka, amma gurbin yana riƙe ruwa har bazara, a nan muke kama tarwaɗa da kurungu. Shekara huɗu da suka wuce masu gawayi suka zo da inji suka daddatse ta suka kwashe. Damina biyu kacal yashi ya cike gurbin. Yanzu yara ƙwallo suke bugawa a wajen da rani. Jiya ƙanena ya nuna mini wani bidiyo, wai a Amurka jirgi mai saukar ungulu ne ke ɗauko manyan gungume yana ajiyewa a cikin rafin dutse don kifi ya dawo. Da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne? Kuma in mun samo gungume mun mayar, gurbinmu zai dawo?

Auwalu_Tipa:
Wa alaikumus salam. Jirgi guda don kifi? Mu nan mutum ma bai samu jirgin ba. Ku bar yashin nan, zan zo da mota in kwashe muku kyauta, gurbi ya dawo nan take 😂

Malama_Mai_Kifi:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Doguwa, ba haɗin kwamfuta ba ne, aiki ne da ake yi a jihohin Oregon da Washinton a arewa maso yammacin Amurka, da wasu wuraren. Abin da zai ba ka dariya shi ne, da hannunsu suka kwashe itatuwan tun farko. Daga wajen shekarun 1950 zuwa 1970 hukumominsu na ganin gungumen da ke cikin rafi shara ce mai tare wa kifi hanya, har aka riƙa sa masu sana'ar katako su share rafi tas in sun gama aiki. Da aka share, sai rafukan suka miƙe suka zama kamar lambatu, ruwa na wucewa a guje, ba gurbi, ba maɓoya. Kifi ya ragu. Wajen shekarun 1980 suka gane ɓarnar da suka yi, suka koma kashe kuɗi suna mayar da abin da suka kashe kuɗi suka fitar.

Yadda abin ke aiki kuwa kai ka gani da idonka. In ruwa ya taho ya ci karo da gungume, dole ya kutsa ta ƙarƙashi ko ta gefe. A wannan matsatsin gudunsa yake ƙaruwa, sai ya yi ta yashe ƙasan wajen, shi ne gurbi. Duk ambaliyar da ta zo sai ta sake share shi. Ranar da aka ɗauke gungumen, an ɗauke mai sharar, yashi kuwa ba ya jiran a gayyace shi.

Ɗan_Doguwa:
Ikon Allah. To Malama ashe ƙiryar ce ke haƙa ramin. Mu a tunaninmu ramin ne dama can, ita inuwa kawai take yi masa.

Baba_Sarkin_Koma:
Ɗansa ne ke rubutawa, Baba na gefe yana faɗa mini. Ya ce a gaishe da Malama, ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma ba sabon ilimi ba ne a wajen mai su. Ya ce tun yana bin mahaifinsa da gora a kogin Wudil, in ana neman kurungu gindin kututture ake zuwa. Kurungu ba ya son fili, kogon itace yake shiga ya maƙale da ƙayarsa, sai ka zura hannu ka lalubo shi, wani lokacin ka lalubo minjirya ta ba ka abin da ba ka nema ba. Ya ce a da in ruwa ya fara ja da baya sukan sari rassan ƙaya su zuba a wani lungu na ruwa, a bar shi wata biyu ba a taɓawa, ranar da za a buɗe sai a kewaye da taru a cire rassan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kifin da ake samu a nan ba a samunsa a fili. Kuma ya ce in gaya muku, itacen da ke cikin ruwa maƙiyin mai taru ne da mai birgi, shi ya sa wasu masuntan da kansu ke fitar da shi, don yana yaga musu raga. Amma wannan yagar ita ce ke barin iri.

Malama_Mai_Kifi:
Ina amsawa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganarsa ta ƙarshe ta fi duk abin da na rubuta.

Injiniya_Gwaram:
Ku yi haƙuri in zuba ruwan sanyi a maganar nan. Ni aikina gada da kwalbati ne, kuma babu abin da nake tsoro da damina kamar gungumen da ruwa ya ɗauko. Na taɓa zuwa duba wata kwalbati mai baki uku da ruwa ya cinye a wani ƙauye. Ba yawan ruwa ne ya karya ta ba. Itace guda ne ya zo ya gitta a bakinta, karare da ciyawa da leda suka taru a jikinsa, cikin dare ɗaya ta toshe, ruwa ya hau kan hanya ya yanke ta ta gefe. Mutanen garin sun yi wata uku suna tsallaka da babur a ka.

Turawan da kuke magana ba jefawa kawai suke yi ba. Suna auna faɗin rafi, su nemo gungumen da tsawonsa ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin, don in ruwa ya ɗaga shi ya maƙale a gaɓa. Sun fi son mai haɗe da saiwarsa saboda saiwar kamar anga ce. Wani su soke shi tsakanin bishiyoyi masu rai da ke baki, wani su binne rabinsa a gaɓa su danne da manyan duwatsu. Malam Ɗan_Doguwa, kafin komai ka gaya mini: faɗin ƙoramar taku nawa ne in ta cika, kuma akwai gada ko kwalbati a ƙasa da wajen?

Ɗan_Doguwa:
Ranka ya daɗe, in ta cika za ta kai taku goma sha biyu. Akwai wata 'yar kwalbati, amma da nisa, tafiyar kusan minti ashirin a ƙafa.

Injiniya_Gwaram:
Minti ashirin ɗinka ruwan Agusta a minti kaɗan zai yi shi. Kuma taku goma sha biyu na nufin kana neman itace mai tsawon taku ashirin ko kusa da haka. A ina za ka same shi yau, kuma da me za ka ja shi?

Maman_Sadiƙ:
Ni dai dariya nake yi tun ɗazu. Maza kuna ta lissafin taku. Ko kun ajiye shi, kwana nawa zai yi? Ku je ku tambayi kuɗin ƙullin itace a kasuwa yanzu. A ce ga busasshiyar ƙirya kwance a rafi ba mai ita, wallahi kafin sati biyu ko ɓawonta ba za ku tarar ba. Ba don mugunta ba, tuwo ne ba ya dahuwa da labarin kifi. In ba mai gari ne ya tara mutane aka yi magana da mata da masu gawayi ba, aikin banza za ku yi.

Nura_Rano:
Hajiya ta gama magana.

Maman_Sadiƙ:
Ban gama ba. Gurbin da zai kai wa babba wuya, yaro ɗan shekara shida fa? A garinmu mun rasa yaro a irin wannan wajen, ƙafarsa ce ta maƙale a saiwa. Allah ya jiƙansa. Ku sa wannan ma a lissafi.

Ɗan_Doguwa:
Amin ya Allah. Gaskiya ne Hajiya, mu ma an sha dukanmu a kan zuwa gurbin nan.

Bahaɗeje_Na_Guri:
Ni abin mamaki yake ba ni. Mu a nan ƙasar Haɗeja kukanmu kullum a buɗe mana hanyar ruwa, ku kuma can sama kuna neman abin da za ku tare ta da shi. Ku zo ku ga abin da ciyawar ruwan nan kacala ta yi mana. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu hanyoyin, kacala ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ruwa ya bar inda ake nemansa ya koma gonakin mutane, tsuntsun jan-baki ya samu masauki a cikinta yana cinye mana shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba zai so ya ji kalmar tare ruwa ba.

Malama_Mai_Kifi:
Allah ya kiyaye gaba, Malam Bahaɗeje. Amma ƙasarku da tasu ba ɗaya ba ce. Ku kuna shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ruwa ke tafiya kamar mai jin barci, ko ƙaramin abu sai ya tsayar da shi. Su suna gangaren dutse inda matsalar ita ce ruwa ba ya tsayawa ko kaɗan. Kuma kacala tana rufe hanya ne gaba ɗaya, gungume kuwa ruwa na bi ta ƙarƙashinsa da samansa. Hasali ma ruwan da aka ɗan rage wa gudu a can sama ba zai iso muku a lokaci guda ba.

Sani_Ingila:
Wannan batu na ƙarshe akwai misalinsa a nan inda nake. Wani gari ne Pickering a arewacin Ingila, ruwa ya sha cinsa, wanda aka fi tunawa shi ne na 2007. Maimakon doguwar katanga a tsakiyar gari, sai aka hau can saman rafukan da ke gangaro masa aka gitta itatuwa a wurare fiye da ɗari, irin waɗanda ruwa kaɗan ke wucewa ta ƙasa amma in ya yi yawa su ɗan riƙe shi. Aka dasa bishiyoyi, aka kuma yi wata matarar ruwa ta ƙasa a sama da garin. A Disamban 2015 ruwa ya ci garuruwa da dama a yankin, su bai shiga musu ba. Har yau dai ana gardama ko itatuwan ne suka fi taimakawa ko matarar.

Bahaɗeje_Na_Guri:
Malam Sani, ruwan Ingila yayyafi ne. Ka taɓa ganin ruwan da ake yi da ƙanƙara a watan takwas, awa ɗaya ƙorama ta koma kogi? Ban yarda ba tukuna.

Auwalu_Tipa:
Ni fa har yanzu tayina na nan.

Baba_Sarkin_Koma:
Baba ya ce a gaya wa mai tipa, kifi na ganinka mai jar koma. Ya ce ku ne kuka kwashe yashin kogi har gaɓa ta riƙa zubewa da bishiyoyin da ke kanta, ramin da kuke bari kuma ba gurbin kifi ba ne, tarkon yara ne.

Auwalu_Tipa:
Tuba nake Baba. Amma gidajen da ake ginawa a birni da yashin nan ake yi, har na masu zaginmu.

Malam_Gandu:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Shekaruna da yawa a aikin daji, bari in faɗi biyu uku.

Na farko, kada wani ya ji wannan hira ya ɗauki gatari ya nufi bishiya mai rai, balle a gandun dajin Falgore inda sara laifi ne. A sare mai rai a jefa a ruwa don kifi, an yi ba a yi ba ke nan, domin inuwar da take yi wa ruwan da saiwar da ke riƙe gaɓa sun fi gungumenta amfani. Su can Amurka daji ne da su mai itatuwa dogaye kamar hasumiya, shi ya sa suke da na jefawa.

Na biyu, ba kowane itace ba. Ƙiryar da Ɗan_Doguwa ya ambata ta yi shekaru ne saboda ƙirya ce, ita ake yi wa turmi da taɓarya, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa ma maƙera da masu gawayi ke binta. Ka sa kuka ko rimi, damina ɗaya sun zama dusa. Itacen da ke nutse a ruwa kullum yana daɗewa ƙwarai, amma namu wata huɗu a jiƙe wata takwas a rana, ga gara, wannan jiƙa da bushewar ita ke kashe shi. Kuma a guji aduwa. Ɓawonta na cikin abubuwan da ake dakawa a zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso, kamar magimfa.

Ni da za a bi tawa, giyayya za a dasa a bakin ƙoramar, da ɓaure da kanya. Giyayya ba ta tsoron ruwa ya kwanta mata. Saiwarta da kanta za ta yi wa kifi ɗaki, ranar da ta tsufa ta faɗi kuma ga gungumenku ba jirgi ba tirakta.

Nura_Rano:
Malam, shekara nawa ke nan? Mu da muke son miya bana.

Malam_Gandu:
Ƙiryar da kuka ci kifinta, kun san wanda ya bar ta ta girma?

Hajara_Birnin_Kudu:
Tambaya nake da ita ga Malama. Wane irin kifi ne ma suke wa wannan wahalar? Irin namu ne?

Malama_Mai_Kifi:
A'a 'yar'uwa, kuma tambayarki ta taɓo inda ya kamata mu yi hattara. Nasu ana ce masa salmon. A rafin dutse mai sanyi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, in ya tashi haihuwa ya dawo rafin da aka haife shi. Macen da jelarta take tone tsakuwa ta zuba ƙwai ta rufe. In babu tsakuwa mai tsabta wadda ruwa ke ratsawa, ƙwan ya mutu. Gungume na tare musu tsakuwar, yana kuma ba 'ya'yan wajen fakewa in ruwa ya yi ƙarfi.

Namu ba haka suke ba. Tarwaɗa jira take ruwan farko ya malala cikin ciyawa ta bi shi ta yi ƙwai a can. Ƙarfasa rami take sharewa a ƙasa, wata irin ma a baki uwar ke riƙe ƙwan har su ƙyanƙyashe. Gaiwa kuwa kun sani, laka take shiga ta kwanta har ruwa ya dawo. Saboda haka mu ba don wajen ƙwai muke buƙatar itace ba. Abin da ke kashe kifin ƙoramarmu rani ne. Duk wanda bai samu gurbin da zai kai shi damina ba ya tafi. Amfanin gungume a wajenmu shi ne gurbin, sai inuwa, sai ganyen da ke taruwa a jikinsa ya ruɓe ƙwari su samu, kifi ya ci ƙwarin.

Sai dai in faɗi gaskiya, ƙasan rafinsu dutse ne da tsakuwa, namu yawanci yashi. A yashi gungume na iya nutsewa ya binne, ko ruwa ya bar shi ya zagaya ta gefe ya ci gonar wani. In wajenku akwai dutse a ƙasa da gaɓa mai ƙarfi, abin ya fi yiwuwa.

Ɗan_Doguwa:
Akwai fa. Gefe ɗaya falalen dutse ne, a jikinsa ma kan ƙiryar ya tokare.

Injiniya_Gwaram:
To ka ga dalilin da ya sa ta yi shekaru ba ta motsa ba. Wannan ya ɗan sauya magana. Ban ce na yarda ba, amma zan so in ga wajen.

Alhaji_Mai_Gwanjo:
Ni ba masunci ba ne, fatauci ne ya kai ni Kwatano shekaru da dama. A tafkin Nokuwe da ke bayan garin na ga abin da Baba ya kwatanta, amma su sun mai da shi gona sosai. Akaja suke ce masa. Rassa suke kafawa a cikin ruwa fili guda, kowa da nasa kamar yadda muke da gonaki, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki. Sai dai wani da muke ciniki da shi ya ce mini abin ya zame musu rigima, rassan na ruɓewa suna cike tafkin, an ƙare itatuwan kusa sai an sayo daga nesa, ga faɗa tsakanin masu akaja da masu jefa raga. Ina faɗa ne don ku sani, ranar da kifi ya dawo gurbin nan za a samu wanda zai ce nasa ne.

Maman_Sadiƙ:
Yawwa Alhaji. Shi ya sa na ce mai gari.

Usman_Duba_Gari:
Ku ƙara da wannan: ruwan da ke kwance da rani, yara na wanka suna fitsari a ciki, nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama. Ban ce kada a yi ba. Amma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani, a daina cewa alamar balaga ce.

Nura_Rano:
Kuma ko gurbin ya dawo, in mutum ɗaya ya zo da daddare ya zuba maganin ƙwari ya kwashe kifin har da 'ya'ya, an koma gidan jiya. A wajenmu haka aka yi wa wani gurbi, har kwaɗi ba su tsira ba.

Baba_Sarkin_Koma:
Baba ya ce a zamaninsu wanda ya yi haka sai ya bar garin. Ya ce gurbi ba a shigarsa sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe, kuma ana barin wani sashe ba a taɓawa. Ya tambaya, garin su Ɗan_Doguwa akwai sarkin ruwa?

Ɗan_Doguwa:
Babu, Baba. Wanda muke da shi ya rasu ba a naɗa wani ba, tunda ba ruwan da zai sarauta. Amma na tuna wani abu. Iskar farkon daminar bara ta kayar da wani babban marke a gonar kawuna, bai fi taku ɗari daga wajen ba, yana nan kwance da saiwarsa. Ya ce zai sayar wa masu gawayi bayan sallah. Malam_Gandu, marke zai yi?

Malam_Gandu:
Marke na da nauyi da tauri, bai kai ƙirya jure jiƙa ba amma zai yi shekaru. Kada ku sare saiwar, kada ku rage tsawon. Ka riga masu gawayi zuwa wajen kawun naka.

Bahaɗeje_Na_Guri:
In ya taho mana nan Guri da damina zan aiko muku da hotonsa.

Injiniya_Gwaram:
Ba zai wuce kwalbatinsu ba balle Tiga. Ɗan_Doguwa, ka ɗauko mini hoton falalen dutsen, da gaɓar da ke ɗaya gefen, da bakin kwalbatin, ka sa mutum ya tsaya a ciki don in gane girmanta. Kada ku ja komai sai na gani. Kuma gonar wa ke ɗaya gefen?

Ɗan_Doguwa:
Ta limaminmu ce, rake yake sawa. Gobe in Allah ya kai mu zan same shi bayan azahar, daga nan in wuce wajen kawu. Shanun huɗa biyu za su iya jan marken, ko sai an nemo huɗu?